Tsakuwa Uku Daga Sukukutane

Mun tashi da asuba daga Dogon Dutsi, ni da abokina mai kabu-kabu. Muna barin kwalta yashi ya karɓe mu. Sau biyu muna sauka mu tura babur, yana mita wai litar esansi ta ƙara tsada, kamar ni na ƙara mata.

Ba ziyara ta kai ni ƙauye wajen Inna ba. Ƙanwata tana Yamai ana yi mata wankin ƙoda, kuma ni zan ba ta tawa. Sai analiz, wato gwajin jini, ya nuna garkuwar jikinta na iya sa jininta daskarewa. Likita ya ce in ta taɓa ɓari ko kumburin ƙafa, haɗarin ya ƙaru: jini na iya toshe jijiyar sabuwar ƙodar cikin 'yan kwanaki, a yi asarar ta. Da ya tambaye ta, sunkuyar da kai ta yi ta ce ba komai. Mijinta kuwa yana ci-rani a shekarun nan. Inna kaɗai ta sani.

A hanya mun sha fura a wata rumfa. Nono ya yi tsami, amma yunwa ba ta bar mu mun yi gardama ba. Da hantsi muka shiga Sukukutane, gero ya kai ƙugu.

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta ko kiran sunana, balle irin wannan magana. Na dai cije na tambaya. Ta juya ga abokina, ta ce, "Gaya mishi, ɗiyan da ba su zo ba, ba a ƙidaya su."

Na ce, "Inna, in ba a ƙidaya ba, ƙanwata za mu rasa."

Can ta duƙa ta tsinci tsakuwa uku, ta ajiye bakin tabarma, ta shafa ƙaurinta na hagu, ta shige ɗaki. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Da la'asar muka dawo gida, na kira likita, na gaya mishi ɓari uku ne da kumburin ƙafar hagu. Ya ce an ɗage aikin, sai an daidaita ta kan maganin tsinka jini, an kuma shirya sa ido bayan dashen, duk da haka haɗari bai ƙare ba.

Na koyi cewa kunyarmu ta kusa cin ƙodata da ran ƙanwata. Tsakuwoyin suna aljihuna, jibi zan kai mata su Yamai.