Garkar Aro da Waliyyiya Mai Kwando

Waɗanda suke wurin ran nan zan lissafa su, don kada gobe wani ya ce ni na ƙaga. Akwai Fada, wanda yake zuwa mana daga Birnin Kebbi sau ɗaya a wata, yana zaune a kujerar ƙarfe yana fifita da takarda. Akwai katikis ɗinmu, malamin da ke jan mu addu'a duk Lahadin da babu Fada, da littafinsa a hammata. Akwai matarsa da goyo a baya. Akwai uwar zumuntar mata, wadda kunnenta ɗaya ya mutu amma bakinta na nan da ransa. Akwai matar wani ɗan sanda daga bariki, da wata nas da aka kawo aiki bayan an yanke mana jiha, ba ta fi wata uku a Jega ba. Sai ni. Muna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke bayan majami'armu a Sabon Gari, an tashi daga sujada, ranar idin dukan waliyyai.

Ni ban taɓa shiga aji ba. Daga ƙasar Zuru aka kawo ni Jega ina amarya, maigidana mai haƙar rijiya ne. Abin da na sani na addini da kunne na ɗauke shi, kuma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Katikis yana da littafin waliyyai na Turanci, mai hotuna. Yakan buɗe, ya ɗora yatsa a kan layi, yana bi yana juya mana da Hausa. Ta haka na san wanda aka gasa a kan wuta bai saki gaskiya ba, da wadda ta yi shekaru tana kuka a kan ɗanta har ya shiryu, da sojan da ya raba mayafinsa biyu da matsiyaci. Ban ɗauke su tatsuniya ba. In na rasa yadda zan yi da wani al'amari, sai in tambayi kaina yadda wance ta yi, in bi sawunta.

Muna da garka a Kashin Zama, ta wajen Aliero. Ba tamu ba ce, aro ce. Maigidana ya taɓa haƙa wa wani Alhaji rijiya a wurin da masu haƙa uku suka gaza, Alhaji ya ji daɗi ya yanka masa gefen fadamarsa. Ina tsaye ranar da ya ba shi. Ya ce, “Muddin hannun gidanka na ciki, ku ci har jikoki. Ran da nig ga baƙon hannu, ta komo gida.” Haka aron ƙasa yake a wajen nan: wanda aka ara wa ba ya arawa. Shekara goma sha tara muna dasa albasa a ciki. Da maigidana ya rasu, Alhaji ya zo gaisuwa har Sabon Gari, ya zauna a ƙofar gida cikin masu bi bai ji komai ba, ya ce da ni, “Matar abokina, maganata tana nan inda take.” Na ci gaba da aikina. Ni ke yayyafi, ni ke dashe, ni ke ban ruwa, in daka lawashi in shanya, in yi gabu na miya in kai kasuwa.

Sai katikis ya fara biyowa ta gidana da la'asar. In dama masa kunu, ya buɗe littafi. Wata rana ya nuna mini hoton wata mata da farin kallabi, tana riƙe da kwando. Ya ce wannan gwauruwa ce kamar ni, ba ta da komai sai 'yar garka a bakin kogi. A garinsu akwai wani bawan Allah mai koyar da mutane, ga 'ya'ya ga yunwa, ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Sai ta miƙa masa garkar ba tare da ya roƙa ba, daga nan kwandonta bai sake zama wofi ba har ta mutu. Yana faɗa yatsansa na bin layi. Sau uku ya karanta mini ita cikin wata biyu. A karo na ukun na karɓi littafin na ƙura wa fuskarta ido, har babban yatsana ya bar tabon manja a gefen takardar.

Zan faɗi gaskiya a kansa: bai taɓa cewa in ba shi ba. Ni da bakina na ce, “Malam, 'ya'yanka shida, ni kuwa bakina ɗaya. Shiga garkar nan.” Har ya yi kamar zai ƙi.

Ya shiga. Da ɗan Alhaji ya gan shi yana gyara fangali, wato gurbin da ake dasa albasa a ba ta ruwa, ya tare ni a kasuwa ya tambaye ni ko wane ne. Na ce ɗan ƙwadago ne na ɗauka. Ni da ake kira raba faɗa a unguwa saboda ba a san ni da ƙarya ba, na dubi idon mutum na yi ta. Na ce a raina waliyyiya za ta gane. A shekarar nan lawashin wasu na riƙa saya ina yin gabu. Katikis ya cire albasa, ya gina rudu, wato rumfar ajiyar albasa, ya cika ta, daga baya ya sauya kekensa da babur. Na yi murna, na ce yanzu zai riƙa kai wa masu bin da ke wajen Maiyama addu'a ba wahala. Kwandona dai bai cika ba, amma na ce ba a yi wa Allah gaggawa.

To, mu koma ƙarƙashin dogon yaro. Lokacin shekara ta zagayo, katikis ya gama dashe na biyu ke nan da kwana goma. Fada ya ce tunda idin waliyyai ne, kowace mace ta faɗi waliyyin da take koyi da shi.

Uwar zumunta ta ce, “Me ya ce?”

Matar ɗan sanda ta kwatsa mata a kunne, “Wai wa kike bi a waliyyai!”

“Wanda ba ya ihu a kunnen mutane,” in ji ta. Aka yi dariya. Matar ɗan sanda ta ce ita nata mai nemo abin da ya ɓace ne, don kullum maigidanta sai ya nemi hularsa alhali tana kansa.

Da aka zo kaina na gyara zama, na ba da labarin mai kwando tiryan-tiryan, yadda na ji shi, ban rage ko kalma ba. Na lura matar katikis ta sunkuyar da kai tana ta gyara goyon da bai kwance ba.

Fada ya ce, “Mama, labari mai daɗi. Amma wace ce wannan? Ban san ta ba.”

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, “Fada guda bai san ta ba? Malam, miƙo littafin nan.”

Katikis ya dubi agogonsa. “Mama, rana ta yi. Fada zai wuce Maiyama.”

“Maiyama ba za ta tashi daga inda take ba.”

Na miƙa hannu na zare littafin daga hammatarsa. Ban san baƙi ba, amma na san tabon manjana. Na buɗe wurin, ga ta nan da kallabinta da kwandonta. Na miƙa wa nas, na ce, “Ɗiyata, karanta wa Fada ya ji.”

Ta karanta a hankali tana juyawa da Hausa. Wai matar wani sarki ce. Wai takan ɓoye gurasa a kwando ta kai wa mayunwata, ta wanke gyambon marasa lafiya da hannunta. Da mijinta ya mutu dangin miji suka kore ta daga fada, ta ci gaba da jinyar talakawa har ta rasu da ƙuruciyarta. Nas ta ɗago kai.

Na ce, “Garkar fa?”

“Babu garka, Mama.”

“Bawan Allah mai 'ya'ya fa?”

“Babu shi.”

“Juya gaba.”

Ta juya. Wani tsoho ne mai gemu da sanda.

Har uwar zumunta ta gane ba ta tambayi kowa ba. Katikis ya yi gyaran murya ya ce, “Mama, misali ne na yi miki don ki fahimta. Ai ma'anar ɗaya ce, kyauta ce da kyauta.”

Na ce, “Malam, mai misali ba ya bin layi da yatsa. Ita wannan talakawa ta ciyar. Kai ka tura ta gidana ta karɓo maka garka. Ka san makauniya ce ni a gaban takarda, ka riƙe mini sanda, ka kai ni inda kake so.”

Matarsa ta fashe da kuka ta ce, “Na faɗa masa, Mama, wallahi na faɗa masa tun farko.” Wato ita ma ta sani, shekara guda tana durƙusa mini tana karɓar gabu kyauta.

Fada ya ce mu shiga ciki a yi magana, ya ce waliyyai ma sun yafe wa waɗanda suka cuce su. Na ce, “Fada, da wanne zan yi koyi? Duk waɗanda ke cikin kaina ta bakin mutumin nan suka shiga. Yanzu ban san wanda aka haifa da wanda aka ƙaga ba.” Ban shiga ciki ba. Na ɗauki mayafina na tafi gida, kuma ranar ban hura wuta ba.

Washegari da sassafe na shiga motar Aliero, na sauka na ƙarasa Kashin Zama da ƙafa. Na sami Alhaji a kan tabarma a ƙofar gida, ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa muka gaisa.

Ya ce, “Matar abokina, lahiya da sanyin sahiya?”

Na ce, “Alhaji, ƙarya na zo mayarwa. Mutumin da ke cikin garka ba ɗan ƙwadago ba ne. Ni na ara masa abin da ka ara mini.”

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, “Na sani tun bara. Ɗan ƙwadago ba shi gina rudu. Bakinki ni ka jira.” Ya tambaye ni dalili, na faɗa masa duka, har da hoton da tabon manja. Ya girgiza kai ya ce, “Mutanen Allah na kowane gida, ba a yi musu ƙarya a kwana lahiya.” Sannan ya ce, “Amma magana ta riga ta hita gaban shaidu, ɗiyana na kallo. In na tauye ta yau, gobe duk mai aro sai shi ara. Albasad da ke ƙasa ba ta yi laihi ba, a bar ta ta nuna a cire. Bayan nan garka ta komo gida.”

Ban roƙe shi ba. Na ce ya yi daidai, na yi masa godiyar shekara ashirin.

Daga nan na gangara fadama. Katikis bai zo ba, dashen ya fara langaɓewa a rana. Na tsaya ina kallonsa, na ce ba zan taɓa ba. Sai ga ni a bakin rijiyar da maigidana ya haƙa, ina ja ina zubawa, fangali bayan fangali, har ruwa ya kai ƙarshen layi. Da na gama na kwance gugan, na naɗe igiyar da maigidana ya tufka da hannunsa, na shiga bukka na ɗauko fartanyata. Na ɗora su a ka, na nufi bakin hanya jiran motar Jega.