Na Je Birnin Gwari Tambayar Gwanki

Na tashi a wani ƙauye na ƙasar Kano inda farauta ba ta wuce zomo da fakara da gafiya ba. Amma tun ina yaro nake jin maharba suna zancen gwanki, naman dajin nan mai girman doki da ƙahonni lanƙwasassu, suna cewa in har ya rage a Arewa, to yana dajin Birnin Gwari. Da na girma na zama mai gyaran injin ban-ruwa, na yi aure, sai ga shi yayan matata a can yake zaune, a unguwar Magajin Gari, yana sayar da hatsi. Sai na ji abin ya matso kusa.

Na ƙudurta ni kaɗai zan yi farautar, ba ayari, ba kiɗa, ba karnuka. Damina guda na yi ina shiri. Na kai bindigar mahaifina wurin maƙeri ya gyara, na nemi takardar izini, kullum da safe ina zagaya gonaki da buhu a kafaɗa don ƙafata ta saba. Matata ta ce, "Kana dai jin abin da ake faɗa a rediyo." Na ce mata daji da faɗi yake, ni a baki-baki zan tsaya.

Da na kira Yaya a waya, na gaya masa nufina. Sai ya ce, "Ka zo mu gaisa. Amma ka bar bindigar nan a gida, ka fara ganin wurin tukuna." Na bi maganarsa don ladabi kawai.

Bayan kaka na tafi. Daga Kaduna sai da muka jira motoci suka taru, sannan aka kama hanya a jere. Direbanmu ya kashe rediyo. Muka riƙa wuce ƙauyuka da ba kowa, ɗakuna ba jinka, dawa ta bushe a tsaye ba wanda ya girbe. Wata mata a bayana tana ta salati a hankali har muka isa.

Yaya ya karɓe ni da kyau, amma duk sanda na ɗauko zancen daji sai ya sako wani. Ranar kasuwa yana fama da masu awo, sai na zame na nufi inda 'yan acaɓa suke tsayawa, don su ne suka san hanyoyi. Na gaishe su, na fara tambaya. Ta ina ake shiga daji daga garin Dogon Dawa? Wane rafi ne ba ya ƙafewa da rani? Mutane suna shiga har yanzu, kuma da wane lokaci?

Ina cikin magana na lura hira ta mutu. Wani dogo ya sauka daga kan babur ɗinsa, ya shaƙe wuyan rigata.

"Wa ya aiko ka?"

Na ce ba wanda ya aiko ni, maharbi ne ni, gwanki nake nema.

"Gwanki!" in ji shi. "Ku ji harshensa, ba ɗan nan ba ne. Infoma ne!"

Haka suke kiran mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kafin na buɗe baki mutane sun zagaye ni. Aka zazzage aljihuna, aka lalube ƙuguna ana neman makami. Sanda ta sauka a kafaɗata, wani ya kai mini naushi a baki, na faɗi a kan gwiwa. Na ga ƙafafu kawai, na ji wani yana kiran a kawo igiya. Da bindigar nan tana jikina, ban ce zan tashi daga wurin ba.

Wani tsoho Bagwari mai sayar da doya ne ya kutsa tsakiya. Hausarsa a hankali take fita. Ya ce, "Ku tambaye shi gidan wa ya sauka. In ƙarya yake, ai yana hannunku."

Na faɗi sunan Yaya, aka tura aka kira shi. Ya zo a guje, garin hatsi a hannun rigarsa. Ya cire hula a gaban samarin da ya girme wa nesa ba kusa ba, ya rantse da Allah cewa mijin ƙanwarsa ne ni, in an same ni da wani abu a kama shi. Dogon nan ya sake ni, amma bai ba da haƙuri ba. Idanunsa sun cika da hawaye. Daga baya Yaya ya gaya mini cewa wani baƙo ya taɓa zuwa da irin tambayoyina, ba a jima ba aka ɗauke ƙanen dogon a gona, kuma gawarsa aka samo.

Tsohon ya zaunar da ni kusa da doyarsa, ya ba ni ruwa na kurkure jini. Na ce, "Baba, na gode."

Ya ce, "Ɗana, ni ma na yi harbi da ƙuruciya. Rabona da ganin sawun gwanki na manta. Waɗanda suke ciki yanzu da manyan bindigogi sun cinye komai. Babban ɗana ya shiga cire zuma, har yau muna jiransa." Ya juya ya ci gaba da jera doya.

Washegari na koma Kano. Matata ta ga leɓena a kumbure, ta ɗora ruwan zafi, ba ta tambaye ni komai ba sai da na ci abinci.

Yaya ne ya ɗauki sauran nauyin. An daɗe wasu ba sa tsayawa a rumfarsa, in ya iso majalisa sai a sauya zance. Bai taɓa yi mini gori ba. Da damina ta zagayo bai iya zuwa gonarsa ba, kamar yawancin maƙwabtansa, sai ya kwashe iyali ya koma Kaduna, inda yake haya a ɗaki biyu, yana awo a rumfar wani. Mukan yi waya ranar Juma'a. Yakan tambayi lafiyar yara da farashin masara a wajenmu, ni kuma in tambaye shi ciwon ƙafar da yake fama da shi yanzu.