Matar da Ta Dafa Mini Ruwan Jego

A Sabo ta Ibadan na yi haihuwar fari, lokacin unguwar ba ta wuce ɗakunan ciyawa da dangar zana ba. Bisa al'ada gidan iyayena ya kamata in tafi goyon ciki, amma garinmu na can gaba da Zariya, maigidana kuwa ɗan dako ne, huhun goro yake kaiwa tashar jirgin ƙasa. Tafiyar ba ta yiwu ba.

Danga ɗaya ce tsakaninmu da wata dattijuwa mai tuyar waina, kowa Gwaggo yake ce mata. Ba ta da fara'a ko kaɗan. Tun zuwana ba abin da ya taɓa haɗa mu sai kazata, wadda take tsallakawa ta tone mata shinkafar da ta shanya. Rannan ta kama ta, ta wurgo ta ta saman danga da faɗa. Tun daga nan da na ji muryarta sai in shige ɗaki.

Ranar Laraba na haihu, ana tsakiyar damina. Ungozoma ta yanke cibi, ta wanke jaririyar, ta wuce wani gidan. Washegari maigida ya yi ta fama da jiƙaƙƙen ice ya ƙi kamawa, dole ya haƙura ya fita nema. Na kwanta jikina kamar an yi mini dukan sakwara, ina tuna innata.

Da hantsi na ji sallama. Gwaggo ce tsaye a bakin ƙofa, hannunta duk mai.

"Ke 'yar nan, tun asuba nake duban gidanku ban ga hayaƙi ba. Wa ke miki wanka?"

"Babu kowa, Gwaggo."

"Babu kowa?"

Ta dube ni, ta dubi jaririyar, ta juya. Na ɗauka tafiyar ke nan. Can sai ga ta da ƙatuwar tukunya a ka da busasshen icen tuyarta a hammata. Ganyen runhu da ake wankan da shi a wajenmu ba a samunsa a Ibadan, sai ta tare wata Bayarabiya mai tallan ice, da nuni da guntun Yarabancinta ta faɗa mata abin da take so. Matar ta koma, ta kawo irin ganyen da su suke yi wa masu jegonsu.

Da ta fara tsoma ganyen a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, na ƙwala ihu.

"Wayyo Gwaggo, zai saɓule ni!"

"Ba ya kisa. Juyo bayanki."

Tana gamawa ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai da na shanye ƙwaryar.

Haka ta yi ta zuwa safe da yamma har kwana arba'in, ko ana tsuga ruwa. Sai daga baya na lura da daɗewar da take yi kafin ta ɗora tanda. 'Yan dako da sassafe suke karyawa, ba sa jira, da yawansu suka koma saye a wani gidan. Ba ta taɓa faɗa mini ba.

Ranar da na yi arba'in na shiga gidanta, na durƙusa na yi godiya. Na ce, "Gwaggo, me ya sa kika ɗora wa kanki wannan wahala, alhali ko gaisuwar kirki ban taɓa yi miki ba?"

Ta ci gaba da juya waina, ba ta ɗago ba. "To, in zuba ido ki ruɓe a ɗaki? Miƙo min yarinyar nan, kin karkata mata wuya."

Iyakar amsar da na samu ke nan. Ban ji ta ambaci lada ba, ban ji ta ce tausayi ba. Na bar wa kaina cewa wata ce ta yi mata haka a nata jegon, take ramawa a kaina. Bayan shekara biyu, da ta rasu, muna zaman makoki nake faɗa wa wata tsohuwar da suka zo Ibadan tare wannan tunanin nawa. Tsohuwar ta girgiza kai.

"Ai ita Allah bai taɓa ba ta haihuwa ba," in ji ta. "Wankan ma a ido ta koya."