Farin Ƙyalle a Jikin Bindiga

Shekarar da farautar kurciya ta shiga raina, ina da shagon ɗinki a Nima, ɗan ƙarami a bakin babbar kwata, keke biyu da teburin yanka. Da shi nake ciyar da gida, ba ni da wata sana'a a gefe.

Kawuna ne ya jawo mini. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon maharbi da ya taso a arewa, yana noman masara a wani fili bayan Dodowa. Ranar Lahadi nakan rufe shago in hau mota daga Madina in je wajensa. In an karye masara, kurciyoyi kan sauko da hantsi suna tsintar abin da ya zube. Kawu yana da bindiga mai baki ɗaya. Yakan ba ni in harba sau ɗaya, ko sau biyu in ya tashi da fara'a, daga nan sai ya miƙo hannu ya karɓe ta. Wannan miƙo hannun ne ya tsaya mini a rai. Mutum da furfura a gemu, a ce ana karɓe abu a hannunsa kamar yaron da aka ba aron keke.

Na ƙudura sai na mallaki tawa. Kawu ya ce kurciya ba ta buƙatar wata babbar bindiga, in nemi mara nauyi wadda za ta hau kafaɗa da sauri, wadda kuma bakinta bai matse sosai ba don dalma ta bazu. Na je wajen masu sayar da bindigar farauta a cikin gari. Mai baki biyu, ina jin kuɗinta na mayar da ita a hankali, kada in ƙarce ta a ce in biya. Sabuwa mai baki ɗaya ma ta fi ƙarfina, ga kuma kuɗin takarda a wajen 'yan sanda. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, hannuna a dunƙule yake. Matata takan ce ko zaren da ya faɗi ƙasa sai na tsince shi na ga ko zai ƙara shiga allura.

Ana cikin haka sai ƙanen matata ya ji labari. Direban tasi ne a Maamobi, abokin wasana, mai saurin dariya da saurin fushi. Ashe bindigar mahaifinsu marigayi tana ƙarƙashin gadonsa shekara da shekaru, da takardarta. Motarsa tana neman gyaran inji, shi kuma ba shi da kuɗin gyaran. Ya kira ni ɗakinsa, muka je da matata, ya jawo ta a naɗe cikin tsohuwar tabarma.

"Yaya, ɗaga ka ji," in ji shi. "Bindigan nan ya fi sabo paa, nesa ba kusa ba. Babana ya kashe gada da shi ba adadi."

Na ɗaga. Wallahi ta hau kafaɗata kamar da ni aka auna ta. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin na sabuwa ba. Amma a gindin bututun, kusa da inda ake karya ta a sa harsashi, na ga wani wuri da ya ɗan yi tudu, an shafe shi da sabon baƙin fenti.

"An taɓa ta a nan?" na tambaye shi.

"Ƙaramin walda ne. Ƙarfen da ke riƙe shi ya saki, na kai ma mai walda na bayan masallaci. Ba komai."

Ni da nake gane ɗinkin da aka farke aka sake daga nesa, na san na ga abin da bai kwanta mini ba. Amma arha ta rufe mini ido. Na ba shi hannu a gaban yayarsa, na ce na saya, Lahadi zan biya.

Da na gaya wa Kawu a waya, bai taya ni murna ba. Ya ce a wajen maharbansu tsohuwar bindiga ba ta canza hannu sai an ɗaure ta a bishiya an harba da igiya. Ya ce in taho da doguwar igiya da farin ƙyalle mai tsabta. Na ji haushi, don na san ƙanen matata zai ɗauka ana ƙaryata shi. Duk da haka na yanki alawayyo a shago na sa a aljihu, tare da kuɗin.

Da tasinsa muka tafi, inji yana tari har muka isa. Kawu ya karɓi bindigar, ya karya ta, ya leƙa bututun ta wajen haske. Ya bi wurin waldar da farce, ya sake bi. Ya karɓi ƙyallen ya naɗe wurin zagaye uku, ya ɗaure tam. Sannan ya sa harsashi, ya ɗaure bindigar a jikin wata darbejiya, bakinta yana kallon daji, ya ƙulla igiya a kunama. Muka koma bayan wani suri muka tsuguna.

"Kawu, duk wannan don ƙaramin tsuntsu?" in ji ƙanen matata, yana dariya.

"Don hannun mai harbin ne, ɗana," Kawu ya ce, ya ja igiya.

Ƙarar ta tashi tsuntsayen gonar duka. Da hayaƙi ya baje muka leƙa, bindiga tana nan yadda aka ɗaure ta, ko gezau. Ƙanen matata ya daki kafaɗata, ni ma na saki numfashi, har na fara jin kunyar yadda na zarge shi a raina.

Kawu ya je ya kwance ƙyallen a hankali. Zagayen waje fari fat. Na biyu ma haka. Na ciki, wanda ya taɓa ƙarfe, yana da wani baƙin layi siriri kamar zare, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba.

"Tana numfashi ta gefe," in ji shi. "Ƙarfen ya tsage a ƙarƙashin fentin. Zafin walda ne ya ci shi. Yau hayaƙi ya fito, wata rana wurin zai buɗe gaba ɗaya. Ko a harbi na goma, ko a na gaba, Allah kaɗai ya sani."

Ya kama hannuna na hagu ya ɗora inda ake tallabe bindiga in za a harba. Tafina ya sauka daidai gefen waldar. Na janye hannun da sauri.

Ƙanen matata ya fizgi ƙyallen ya duba. Fuskarsa ta canza.

"Datti ne. Fenti ne ya goge. Kuna so ku ce bindigan babana banza ne?"

"Babu wanda ya ce haka," na ce. "Mai walda ne ya ɓata ta."

"Ni na kai shi waldan. To ni ne na ɓata, ko? Ni ne na zo cutan mijin yayata?"

Kafin mu ankara ya kwance bindigar daga bishiya, ya ɗauki harsashi a kwalin da ke ƙasa, ya sa, ya rufe. Ya ja da baya taku uku ya ɗaga ta kafaɗa, ya saita wasu kurciyoyi da suka dawo kan busasshen reshe can gaba. Hannunsa na hagu yana kan wurin nan, kumatunsa a jingine da katako.

"Zan harba da hannuna ku gani."

"Ajiye ta, ɗana," Kawu ya ce, muryarsa a ƙasa.

Bai ajiye ba. Babban yatsansa ya ja ɗan ƙarfen baya har ya yi ƙas. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ba a kokawa da mutum a kan bindiga mai harsashi, kuma na san halinsa, duk wanda ya ce masa kada ka yi, to ya tura shi ne. Ina ganin yadda zan koma Nima in tsaya a gaban matata in gaya mata ƙanenta ya rasa hannu, ko ido, saboda ni na tsaya neman arha. Na rasa roƙon da zan yi masa wanda ba zai ƙara zuga shi ba.

Sai na ji kaina na ce, "Wa ya ba ka izinin harba bindigata?"

Bai juyo ba, amma na ga kafaɗarsa ta motsa.

"Tawa ce. Mun yi hannu a gaban yayarka, ko ka manta? Ga kuɗinka." Na zaro su daga aljihu gaba ɗaya na ɗora a kan kwalin harsashi. "Ban ce na fasa ba. Sauke mini kayana, ban ba ka aro ba."

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Kurciyoyin ma suka gaji suka tashi, ya zama babu abin da yake saitawa sai reshe. Can ya sauke ta, ya mayar da ƙarfen a hankali, ya karya ta ya zare harsashin. Ya miƙo mini ita.

Na miƙa wa Kawu. Ya cire bututun, ya ɗora shi a kan dutse, ya dinga dukansa da bayan gatari har ya baje, don kada wani ya tsinta ya sake kai wa mai walda. Ƙanen matata ya juya baya yana kallon gona har aka gama. Da za mu tafi ya ce in ba shi katakon, wai hannun babansa ne ya goge shi har ya yi sulɓi. Na ba shi. Kuɗin kuwa ya so ya bari a nan, sai da Kawu ya cusa masa a aljihu.

A hanya, da muka shiga cunkoson Madina, ƙanen matata ya juyo gare ni.

"Yaya, kar ka faɗa ma yayata abin da na yi. Ka san yayata yana da hawan jini."

Na ce ba zan faɗa ba.

Da na shiga gida hannu biyu, matata ta tambaye ni ina bindiga. Na ce ta lalace a wajen gwaji, mun fasa ta. Ta tsaya tana kallona. Ta ce shekara nawa tana ajiye lafiya lau, rana ɗaya a hannuna na hallaka abin da ya rage musu na mahaifinsu, na kuma zubar da kuɗin da na hana kowa a gidan. Ta yi kuka a ranar, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai, don amsar tana bakina. Har yau in muka sami saɓani sai ta ambaci bindigar babanta, ni kuma sai in yi shiru har ta gama.