Gidan da Na Gina wa Babana Ba Zaure

Shekarun baya, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, aka shiga yanka wa Garwa tituna miƙaƙƙu. Ma'aikatan gari suka zo unguwarmu da igiya da jan fenti, suka ja layi, layin nan ya bi ta tsakiyar zauren babana. Cikin sati biyu zauren ya zama hanya.

Babana mahauci ne, kuma a zauren nan yake ciyayya da abokansa tun kafin a haife ni. Da an sallame magariba kowa zai sa a kawo akushinsa daga gida, a haɗa, a ci tare. Su biyar ne, amma biyu na fi tunawa: malamin unguwa, da wani dogon Bafillace dillalin shanu wanda bai taɓa yarda an yi tuwo mai daɗi a gidan kowa ba sai nasa.

Ni kuwa lokacin na dawo daga Yawunde, babban birninmu, an ɗauke ni ƙaramin akawu, ina sa wando mai kari kamar wuƙa, kaina ya fi ƙarfin hulata. Na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, tunda an rushe gaba, gara mu rushe duka mu yi ginin siminti irin na manyan ma'aikata da ake yi a unguwar Pumpumre. Da hannuna na zana. Magini ya duba takardar, ya juya ta, ya tambaye ni ina zaure. Na ce masa an wuce wannan zamanin, yanzu salon ake yi, wato ɗakin baƙi mai kujeru. Har da dabara na ƙara: ƙofar gaba ta kalli ƙofar baya saiti, don iska ta ratsa, kun san zafin Garwa. Ya ce to, ya naɗe takardar. Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta a kunnena.

Ranar farko da abokan Baba suka zo ciyayya a sabon gida, na tsaya bakin ƙofa ina jiran yabo. Malam ne a gaba. Ya yi sallama, ya sa ƙafa, ya ɗaga kai, sai ga mahaifiyata can tsakar gida da ɗaurin ƙirji tana daka. Shekara talatin yana cin tuwonta bai taɓa ganin ko inuwarta ba. Ya juya da sauri har rawaninsa ya karkace, ya fuskanci bango yana istigfari. Inna ta yar da taɓarya ta faɗa ɗaki. Dillalin shanu kuma ya zauna kan kujerar katifa, ta haɗiye shi, gwiwoyinsa suka zo daidai kunnuwansa. Sai da mutum biyu suka jawo shi, yana ta faɗa da Fillanci.

Haka aka ci tuwon ranar a ƙasa, a tsakanin kujeru, Malam ya ba kowa baya yana miƙo hannu ta gefe. Na rufe ƙofar baya, zafi ya taso kamar an kunna tanda. Na buɗe, Malam ya sake istigfari. Da suka tashi kowa ya ce gida ya yi kyau, Allah ya sanya alheri. Washegari babu wanda ya dawo.

Ashe ba ciyayyar suka bari ba, gidan suka bari. Kwana uku bayan nan ina dawowa na tarar da dattawa biyar sun shimfiɗa tabarma a gefen sabon titi, daidai inda zauren yake a da, kowa a mazauninsa na asali. Motocin auduga na wucewa suna yi musu yaji da ƙura. Wallahi kunya ta kama ni, amma maimakon in gane, sai na riƙa zagayawa ta bayan layi don kada abokan aikina su gan ni da su.

Ba a yi wata guda ba wani ɗan sanda ya zo ya kore su, da Faransanci, a gaban jama'a. Babana da ko a mayanka ba a ɗaga masa murya. Daga ranar ya koma cin abinci shi kaɗai a baranda, loma uku ya ture kwanon. Ya daina ba'a, ya daina tambayar labarin kasuwa. Inna ce ta tare ni wata safiya ina ɗaura takalmi.

Ta ce, "Kai mai boko, ka gina wa kujeru gida, ka bar ubanka a titi. Ni kuma ko ɗankwali ba ni da ikon cirewa a tsakar gidana."

Na buɗe baki zan kawo bayanin iska, ta yi mini wani kallo, na haɗiye abina.

Ran Juma'a bayan an sauko, na ga Baba tsaye a gefen ginin, gaban wani ɗaki mai faffaɗar ƙofar ƙarfe da ke kallon titi, wanda tun da aka gama ba a buɗe ba.

Ya ce, "Wannan na waye?"

Na ce, "Na mota ne, Baba. Garaj ake ce masa."

"Ina motar?"

"Tana tafe."

Ko keke mai kyau ba ni da shi a lokacin. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, kafin ta iso, ara mini."

Aka kira maginin nan. Ya fasa 'yar ƙofa a kusurwa, a karkace yadda na ciki ba zai hango tsakar gida ba, yana aiki yana satar kallona, bakinsa na motsi. Aka zuba yashi, aka shimfiɗa buzu da tabarmi. Magariba na yi sai akusa biyar suka hallara. Ina daga baranda na ji dillalin shanu yana kushe miyar gidanmu, na ji Baba ya kece da dariya. Na shiga salon ɗina na zauna ni kaɗai, hawaye na zubo mini, ban san dalili ba.

Motar ta iso, bayan shekara tara. Na shigo layi da ita ina ta danna oda. Baba ya fito, ya zagaya ta, ya shafa, ya sa albarka, sannan ya tambaye ni da gaske a ina nake shirin ajiye ta. A rana ta ƙare rayuwarta, har fentin ya kwaile.

Yanzu idan na ga yaranmu suna zana gidaje masu doguwar katanga da ƙofa ɗaya, ba na yi musu wa'azi, don na san abin da ke kansu, ya taɓa hawa nawa. Tambaya ɗaya nake yi: wanda ya zo gaishe ku, a ina zai zauna? Ni sai da na rushe na gane cewa ban taɓa tambayar Baba yadda yake zaune a gidansa ba, na dai duba yadda wasu suke zaune a nasu.

Da Allah ya yi masa rasuwa, a ɗakin motar nan aka yi zaman makoki, mutane har titi. Na ji baƙi daga nesa suna tambayar hanya, ana ce musu su miƙe, za su ga zauren mahauci mai ƙofar ƙarfe.