Ranar da Na Kunyata Garba da Zaren Taru

Wata Laraba ce bayan an yanke shinkafa, muna cikin jihar Sakkwato a lokacin, ina da shekara goma sha biyu, Garba ɗan yayan babana ya doke mini hannu da rula a tsakar gidanmu na Argungu. Laifina na taɓa littafinsa. Ya dawo hutu ne daga sakandare a Birnin Kebbi, da farin wando da takalmi. A gaban ƙawayena ya shinshina bangon littafin ya ce, "Kin sa mishi ƙarni. Mi jahila ta sani da lissafi?" Suka yi dariya. Ban yi kuka ba, na dai ajiye abin a ciki.

Mu masunta ne, aikina kullum bayan surfe da ɗebo ruwa shi ne in ninka wa Baba zaren gyaran taru, wato babbar ragar kamun kifi. Ina wannan aiki a bakin zaure nake jin Garba da abokinsa Sande, ɗan wani mai shago mutumin kudu da ya fi mu iya Hausar kasuwa, suna fama da aikin hutu. Akwai wani harafi mai ƙaramin biyu a kansa, za a ninka shi da irinsa mai ƙaramin uku. Sande ya ce a ɗauki harafin a matsayin biyu, ƙaramar lambar kuwa ita ke faɗin sau nawa za a ninka. Shi yana ganin biyar za a rubuta a sama. Garba ya daka masa tsawa ya ce shida ne, ya cika shafi guda a haka.

Na dubi zaren hannuna. Ninki biyu, sili huɗu. Na ƙara ninki uku a kai, takwas, sha shida, talatin da biyu. Ninki biyar ke nan, ko makaho ya shafa ya sani.

Kwana uku na riƙe bakina, ina ba shi tuwo ina gaishe shi. Sai ranar Asabar da la'asar, maza sun cika gindin gawo suna ɗinkin taru, Baffa, baban Garba, yana ta yabon ɗansa, har ya sa shi ya karanta musu aikin. Na durƙusa na ce, "Baffa, a ba Yaya zare ya gwada muna shidan nan." Garba ya ninka biyu, ya ninka uku, tsofaffi suna ƙirga masa da ƙarfi, suka tsaya a biyar. Ya warware ya sake, gumi na zubo masa. Wani tsoho ya ce, "Ina ɗayan ya shiga, malam?" Baffa ya miƙo mini tarunsa in riƙe masa, abin da bai taɓa yi wa ɗiya mace ba.

Garba ya yi shekara bai amsa gaisuwata ba, ni kuwa har yau ban ji na yi laifi ba. Yanzu raga a kasuwa ake sayenta a saƙe, jikokina kuma waya suke latsawa ta ba su amsa. Garba ya rasu bara, bayan ya ƙare aikin koyarwa. Shi ne mutum na ƙarshe da ya san na ci shi.