Gaisuwar da Na Yi a Kasuwar Maƙarfi

Har gobe ban manta da wata ranar kasuwa a Maƙarfi ba, ana tsakiyar kakar rake, lokacin ina neman lasisin aikin nan namu na ba masu fama da shaye-shaye shawara. Ku da kuka zo koyon aiki a hannuna kullum kuna tambaya ta me ya sa ba na ba kowa ƙarfe goma na safiyar Talata. To ku gyara zama, yau za ku ji.

Ga wanda bai san tsarin ba, ba a wayi gari kawai a ce mutum ya zama mai ba da shawara. Sai ka yi kwas, sannan a tura ka ƙarƙashin wani gwani ka yi aiki yana kallon ka. Akwai littafi da yake sa wa hannu duk mako, shaidar cewa ka zauna da mutane kuma ba ka yi ɓarna ba. Idan littafin ya cika, sai ka je gaban kwamiti su yi maka tambayoyi. Sa'o'in da ake nema kuwa, da za a jera su a kan titi, da sun kai mutum Makka ya dawo.

Kafin nan ni ma'aikacin lafiya ne, kuma ni ake ɗora wa lasifika a mota in zaga ƙauyuka ina jan kunne a kan ƙwaya. Daga Ikara zuwa Kudan babu wanda bai san fuskata ba. Muryata kuma kun ji ta. Idan na yi atishawa a Ikara, daga Janfalan ake yi mini addu'a.

Wadda aka haɗa ni da ita a wani ƙaramin asibiti a Ikara ita ce Hajiya Rakiya, tsohuwar nas, 'yar gajeriya, mai magana ƙasa-ƙasa kamar tana tsoron tashin jariri. Ranar farko ta ce mini, "Malam Idi, doka ɗaya zan ba ka yau. Duk wanda ya zauna a ɗakin nan, idan ka gan shi a waje, ba ka san shi ba. Sai in shi ya fara gaishe ka."

Na ce, "Haba Hajiya, a ƙasar nan tamu? In wuce mutum ban gaishe shi ba? Ni da ko akuya ta kalle ni sau biyu sai na tambaye ta mutanen gida."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Akuyar ba ta da abin ɓoyewa."

Mutum na farko da ta bar mini in zauna da shi ni kaɗai, zan kira shi Malam Tanko. Ba sunansa ba ne, kuma ko kun kwana kuna roƙo ba za ku ji na gaskiyar ba. Magidanci ne mai furfura a gemu, daga wajen Kudan, sana'arsa mazarƙwaila. Injin matse raken na yayansa ne, shi kuma shi ne mai dahuwa, wanda yake tsayawa a bakin wuta ya gane da hanci cewa ruwan rake ya kai a sauke. Ciwon baya ne ya fara kai shi ga tiramol don ya iya tsayuwar. Daga ƙwaya ɗaya abin ya wuce inda yake iya ƙirgawa. Ban da matarsa babu wanda ya sani. Shi ya sa yake tsallake duk asibitocin da ke kusa da shi ya taho har Ikara, yana ce wa yayansa kaya yake kaiwa.

Likita ne yake kula da rage masa maganin. Nawa aikin saurare ne, wanda ga mutum irina ya fi dakon buhu wuya. Duk Talata ƙarfe goma zai iso, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, ya ƙi kujera ya zauna a tabarma. Sai ya kwance curin mazarƙwaila daga cikin takarda, hannunsa yana rawa har takardar tana ƙara. Ba a yarda mu karɓi kyauta ba, amma Hajiya ta ce wannan a farfasa a sa a shayin kowa, don kada a kunyata shi.

A hankali mutumin ya fara dawowa. Ya fara barci. Wata Talata har ya tsokane ni, ya ce, "Malam Idi, kai da a bakin wuta kake aiki, da surutunka kaɗai ya isa fifita." Na yi dariyar da sai da Hajiya ta leƙo ta taga. Wallahi na ƙaunaci mutumin nan kamar ciki ɗaya muka fito.

Sai ranar kasuwar. Na je sayen rake, na hango shi a layin masu mazarƙwaila tare da wasu dattawa. Daɗi ya kama ni. Dokar Hajiya ta fita ta ƙeyata, bakina ya riga hankalina isa wurin.

"A'a! Malam Tanko! Barka da kasuwa! Ya ƙarfin jiki? Barcin yana samuwa dai ko? To madalla! Talata fa ƙarfe goma, kada ka makara!"

Ina jin har masu awon masara a ɗaya ƙarshen kasuwar sun ji. Wani dattijo mai jar hula da ke gefensa ya ajiye abin da ke hannunsa. Yayansa ne. Ya dube ni, ya dubi ƙaninsa, ya ce, "Tanko, ina ka san mai lasifikar 'yan ƙwaya? Me ake yi ran Talata a Ikara? Ba kaya ka ce mini kana kaiwa ba?"

Sauran dattawan suka shiga gyaran kayan da ba su buƙatar gyara. Malam Tanko bai ɗago kai ba. Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Na gode."

An zage ni a duniya, har jifa an taɓa yi mini a wani ƙauye, amma babu abin da ya taɓa yi mini zafi kamar wannan godiyar.

Talata ta zo, tabarma a shimfiɗe, babu kowa. Na je na faɗa wa Hajiya komai. Ta saurara har na gama, ta rufe littafina ba ta sa hannu ba. Na ce, "Hajiya, ki bar ni in je gidansa in ba shi haƙuri. Ko a ƙasa zan durƙusa."

Ta ce, "Da wace fuskar? Wadda duk Kudan suka sani? Ka tsaya a ƙofar gidansa, wanda bai ji a kasuwa ba sai ya gani a unguwa."

"To in kira shi."

"Ya roƙe mu kada a kira, wayar a hannun yaransa take yini. Ka manta?"

"To me zan yi?"

"Ka jira. Ka shimfiɗa tabarma ka jira. Abin da ya rage maka ke nan."

Ta ƙara mini watanni. Ta kuma ƙirƙiro wani horo da ban ga irinsa a kowane littafi ba. Duk mako sai ta sa ni gaba mu ratsa kasuwar Ikara, tana biye da ni a baya. Idan muka doshi wanda ya taɓa zama a ɗakinmu sai ta yi gyaran murya, ni kuma in cusa goro a baki in kalli sama kamar mai duban wata. Goron da na ci a watannin nan, da shuka shi na yi da yanzu ina da daji. A nan na lura da abin da ban taɓa lura ba: idan muka wuce shiru, sai ka ga kafaɗar mutum ta sauka. Wasu kuma su da kansu suke ƙwala mini sallama, sai in saki gaisuwar da na tara ta mako guda a kansu.

Da na je gaban kwamiti, wani likita ya tambaye ni abin da zan yi idan na haɗu da wanda nake kula da shi a bainar jama'a. Na amsa a taƙaice. Ya ce bai taɓa jin na yi gajeriyar magana haka ba. Na samu lasisi, na sa babbar rigar da mutum uku za su kwana a ciki, aka ɗauki hoto. Ku duba hoton nan a bango da kyau, dariyar ba ta kai ido ba.

Hajiya ta yi ritaya ta koma wajen 'ya'yanta, daga baya Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙan ta.

Bayan rasuwarta na sake ganin Malam Tanko, sau ɗaya, a kasuwar Maƙarfin dai. Gemun ya yi fari fat. Yana naɗe wa wata mata mazarƙwaila a takarda. Na tsaya daga nesa, na dasa haƙora a gaɓar rake don kada bakin ya sake cin amanata. Hannunsa nake kallo. Takardar ba ta rawa. Ko a wani wuri ya samu taimako, ko shi da matarsa suka yi ta fama, ban sani ba, kuma ba ni da ikon tambaya.

Ya ɗago kai, muka haɗa ido. Ya kai hannun dama ƙirjinsa ya sauke. Sai wani mai saye ya shiga tsakaninmu.

Har yau ina gardama da kaina. Wata rana in ce gaisuwa ce. Wata rana in ce ƙuda ya kora, don layin mazarƙwaila ƙudajensa sun fi mutanen Kaduna yawa. Wadda za ta raba mini gardamar ba ta nan, ko da yake na san abin da za ta ce: "Ya yi magana? To ka jira."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutanen da suke zuwa wurinmu suna ajiye mana mutuncinsu ne kafin su ajiye ciwonsu, kuma ba sai da mugun nufi ake zubar da shi ba, fara'a ma tana iyawa. Ku gaishe da duniya duka in kuna so, amma wanda ya zauna a ɗakin nan, ku bar shi ya fara.

Gobe Talata. Wanda ya riga zuwa a cikinku ya kakkaɓe tabarmar nan ya shimfiɗa, ya bar ƙofa a buɗe.